Tsakiyar Alkahira ko ta Istanbul? Tambayoyi da amsoshi kan tsaro da wuraren ziyara

Biranen nan biyu sun zama mana hanya. Wani mara lafiya ya kai asibiti a Masar, wani ɗansa ke karatu a Azhar, wata sarin abaya da takalma ya kai ta Turkiyya, wani kuma zango kawai ya yada a kan hanyarsa ta Umara. Da zarar mutum ya sami kwana biyu ko uku a hannu sai tambayoyi su taso, kuma kusan iri ɗaya kowa ke yi. Ga su nan, daga na farko-farko har zuwa waɗanda sai an sayi tikiti ake tunawa da su.

In an ce tsakiyar gari a waɗannan biranen, ina ake nufi?

A Alkahira abin a fili yake. Unguwar da mutanen gari ke kira Wust el-Balad ta taso daga Dandalin Tahrir a bakin Kogin Nilu, ta bi titin Talaat Harb, ta dangana da Ataba da tashar jirgin ƙasa ta Ramsis. Isma'il Basha, mai mulkin Masar a lokacin da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, shi ya sa aka zana ta bisa fasalin birnin Paris, shi ya sa za ka ga faffaɗan tituna da dogayen benaye masu baranda, duk da yawancinsu sun sha ƙura da hayaƙi. Tsohon birni kuwa, inda Azhar da kasuwar Khan el-Khalili suke, yana gabas da nan da kimanin kilomita 3. A amsoshin nan an haɗa su biyun, don baƙo ba ya zuwa ɗaya ya bar ɗaya.

Istanbul ba ta da cibiya guda. Akwai tsohon birni a gundumar Fatih, wato Sultanahmet, Eminonu, Beyazit, Laleli da Aksaray. Sai ka haye gadar Galata ka hau tudu zuwa Beyoglu, inda Dandalin Taksim da titin Istiklal suke. Duka biyun a ɓangaren Turai suke. Na farko shi ne na masallatai da kasuwanni, na biyu na shaguna, gidajen abinci da hidimar dare. Wannan rabuwar tana da muhimmanci ga tsaro, kamar yadda za a gani a amsar yawon dare.

To a taƙaice, wanne ya fi zaman lafiya?

In maganar a tare mutum da makami ne a tsakiyar gari, ba a cika jin haka a ko ɗaya ba, balle a wuraren da baƙi ke ziyara, inda 'yan sanda suke jibge. Bambancin yana cikin irin wahalar da kowane birni ke ba baƙo. Alkahira a fili take damun ka: ƙarar hon, cunkoso, wannan ya kira ka, wancan ya ja ka, ga mai neman na goro kan aikin da ba ka sa shi ba. Za ka koma masauki a gajiye liƙis, amma galibi da walat ɗinka a aljihu. Istanbul kuwa tsaf-tsaf take, ba mai ɗaga maka murya, har jikinka ya saki. To a nan ne ake zare maka waya a cikin taram, wato jirgin ƙasan da ke bin titin gari, ko a kawo maka lissafin abin sha da zai sa ka gumi a tsakiyar hunturu.

A ganina wanda bai taɓa fita waje ba zai fi samun sauƙin Istanbul, amma can ya fi kamata ya riƙe hankalinsa a kan kuɗi. A Alkahira abin da ya fi kusa da ran mutum ba ɓarawo ba ne, mota ce, kuma an ware mata amsa a ƙasa.

Wace irin damfara aka fi yi wa baƙo a Istanbul?

Kana tafe a kan gadar Galata ko a hawan da ke kai wa Taksim, sai mai goge takalmi ya wuce ta gabanka da akwatinsa a kafaɗa, burushinsa ya faɗi ƙasa kamar bai ji ba. Kai ɗan halas ka duƙa ka ɗauka, ka bi shi ka miƙa. Sai ya dafa ƙirji, ya yi ta godiya, ya ce atafau sai ya goge maka takalmi. Yana gogewa yana ba ka labarin 'yarsa da ke kwance a asibiti, yana gamawa ya yanka maka kuɗin da ya ninka na gaskiya sau da yawa, ga abokan sana'arsa sun matso suna kallo. Da gangan aka yar da burushin. Ka tsallake shi ka yi gaba.

Wadda ta fi wannan ciwo a kusa da Istiklal ake yin ta, kuma namiji mai tafiya shi kaɗai ake nema. Mutum ne fes-fes zai yi maka magana da Turkanci, in ka ce ba ka ji sai ya juya Turanci ko Larabci, ya ce shi ma baƙo ne, ku je wani wuri da ya sani ku zauna. Kuna zama wasu mata su zo su zauna tare da ku, a kawo kwalabe, daga ƙarshe a dire maka takardar kuɗi mai nauyin gaske, ƙarti kuma su tsaya a bakin ƙofa har sai ka biya, ko su raka ka wurin injin cirar kuɗi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk wanda ka haɗu da shi a titi yanzu-yanzu, kada ka bi shi wurin da shi ya zaɓa, ko da shayi ya ce za ku sha. A gidan abinci kuma, musamman masu sayar da kifi, ka ga farashi a rubuce kafin a ɗora tukunya, kuma ka tambayi ko ƙananan farantan da aka jera maka ba ka nema ba na kuɗi ne. Damfarar direbobi tana cikin amsar tasi.

A Alkahira fa?

Tasu ta fi yawa amma ta fi arha. Wadda kowa ya sani ita ce ta bakin gidan tarihi na Tahrir: wani zai tare ka da fara'a ya ce an rufe wurin sai bayan awa guda, ka zo ka huta a shagon ɗan'uwansa. Ba a rufe komai ba. Shagon turare ne ko na zane-zanen zamanin Fir'auna, za a ba ka shayi, kunya kuma ta hana ka fita hannu rabbana. A wajen dalar Giza kuwa masu raƙuma da dawakai ne gwanaye: ana iya ɗora ka a kan raƙumi da kuɗi kaɗan, sai an zo sauka a ce ai wancan kuɗin hawa ne. Ku gama ciniki tun ƙafarka tana ƙasa, ku faɗi nisan tafiya, ku faɗi cewa fam ɗin Masar ake nufi ba dala ko fam ɗin Ingila ba.

Sai bakshish, wato na goro. Mai gadin takalma a masallaci, mai nuna maka ƙofar da kai ma kana gani, mai miƙo maka takardar goge hannu a ban-ɗaki, kowa yana sa rai. Wannan ba damfara ba ce, al'adar wurin ce, kuma albashin mutanen bai taka kara ya karya ba. Ka tanadi ƙananan canji a aljihu daban. Wanda ya matsa maka, "la, shukran", wato "a'a, na gode", sau ɗaya ya isa, ba tare da ka rage sauri ba. Tsayawa yin bayani shi ke jawo doguwar magana.

Me ya sa kowa ke maganar tsallaka titi a Alkahira?

Domin sai ka gani za ka yarda. A kewayen Tahrir da Ramsis motoci suna zuwa sahu huɗu ko biyar, ba mai kula da zanen titi, danja kuma a wurare da yawa sai in akwai ɗan sanda a tsaye. In ka ce za ka jira titi ya yi sarari, za ka kwana a nan. Ka lura da yadda dattijuwa mai ɗauke da ledar burodi ke yi: ta sauko daga dakali, ta ɗan ɗaga tafin hannu, ta ratsa sahu ɗaya, ta tsaya cak a tsakanin motoci, ta ƙara ratsa ɗaya, ba gudu ba ja da baya. Direbobi suna auna tafiyarta su kauce. Wanda ya firgita ya ruga ko ya koma baya shi ke rikita musu lissafi.

Dabarar baƙo ita ce ya tsaya a gefen ɗan gari, ta yadda ɗan garin ne ke tsakaninsa da motocin, ya taka in ya taka. A Tahrir ma akwai mafita: ka sauka ta ƙofar tashar metro (jirgin ƙarƙashin ƙasa) ta Sadat, ka bi ta ƙarƙashin ƙasa ka ɓullo a ɗaya gefen. Da dare a ƙara kula, don wasu direbobin ba sa kunna fitila. A Istanbul ana bin danja, abin lura kawai shi ne taram da ke ratsa Sultanahmet a tsakiyar masu tafiya, da 'yan babur masu kai saƙon abinci.

Zan iya yawo da dare?

A nan Alkahira ta yi wa Istanbul fintinkau. Gari ne da ke farkawa bayan magariba. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare za ka tarar da iyalai da yara a titin Talaat Harb suna kallon kaya a shaguna, gadar Ƙasr el-Nil mai gumakan zakuna cike da masu shan iska, dandalin masallacin Husaini kuwa a watan azumi har sahur ba ya yin shiru. Yawan jama'ar nan shi ne tsaronka. Abin kiyayewa shi ne turmutsutsun tashar Ramsis da Ataba saboda 'yan sane, da riƙe waya a bakin titi saboda masu fizge a kan babur. Maƙabartar Ƙarafa da lungunan da ba fitila a bar su sai da rana.

Istanbul sai an rarrabe. Sultanahmet lafiya lau take, amma tana yin tsit da wuri. Istiklal, mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, a cike yake har tsakar dare, sai dai lungunan da ke gangarawa daga gare shi zuwa Tarlabashi da Dolapdere ba wurin baƙo ba ne bayan duhu. Laleli, Aksaray da Kumkapi, inda mutanenmu suka fi sauka saboda kusa da kasuwa, da rana harkar sari ce zalla, amma da an ja ƙofofin shaguna sai wasu lungunan su koma na mashaya da masu neman maza. Ba a ce kada ka sauka can ba. A bi babban titin da taram ke bi, a koma ɗaki da wuri.

Ni mace ce, kuma ni kaɗai zan je. Wanne ya fi min?

Istanbul, Hajiya, in dai batun sakewa a titi ne. Matsalar takura wa mata a titunan Masar sananniya ce, su kansu Masarawa ba sa musunta. Wani bincike da hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2013 ya nuna fiye da kashi 99 cikin ɗari na matan da aka tambaya sun taɓa fuskantar wani nau'i nata. An yi doka a kai a 2014, aka ƙara tsananta hukunci a 2021, amma maganar banza da bin mace a baya ba su ƙare ba. Abaya da hijabi suna rage abin, ba sa kawar da shi. A metro akwai taragun mata zalla a tsakiyar jirgi, da alama a dakalin jira, ki nufi nan. Ranakun salla da daddare, lokacin da samari ke cika Wust el-Balad, gara ki zauna a masauki. In wani ya wuce gona da iri ki ɗaga murya, jama'a sukan taso masa.

A Istanbul mai niƙabi da mai gajeren siket suna zama kujera ɗaya a taram ba mai kallon wata. Cunkoson taram ɗin dai a riƙe jaka ta gaba. A biranen biyu, kujerar baya a tasi, kuma ta manhaja, kamar yadda aka yi bayani a amsar tasi.

Baƙar fatata za ta jawo min matsala?

Kallo dai za ka sha a duka biyun, wani lokaci har da neman ɗaukar hoto da kai. A Alkahira yara da samari sukan jefo kalmomi irin su "samara" ko "shokolata", abin yana da ciwo, kuma ba shi da amfani a tsaya musu. Sallama da ɗan Larabci suna sauya fuskar mutane nan take, wanda kuma ya ce daga Azhar yake yana samun girma. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 'yan gudun hijira sun ƙaru ƙwarai a birnin, binciken takardun zama ma ya ƙaru, kuma ɗan sanda ba ya bambance Basudane da Bahaushe da ido.

A Istanbul ma ana yawan tare baƙi a duba takardu, musamman a Aksaray da bakin tashoshin metro, saboda farautar waɗanda bizarsu ta ƙare. Maganin abin ɗaya ne a ko'ina: fasfo ko katin zama a jikinka, cikin jakar da ke ƙarƙashin riga, hoton shafin biza a waya, wani kwafin a ɗaki. In an tare ka, ka miƙa cikin natsuwa. Kada ka bari kwanakin bizarka su wuce ko da ɗaya.

Akwai abin da zai iya haɗa ni da hukuma ban sani ba?

Kyamara da baki. A Masar ɗaukar hoton 'yan sanda, sojoji, shingen bincike ko ginin gwamnati yana iya kai ka ofishinsu, kuma tsakiyar Alkahira cike take da irin waɗannan gine-gine. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto ma kada ka sa shi a kaya, haramun ne ba da izini ba. Tahrir shi ne dandalin juyin juya halin 25 ga Janairun 2011, don haka idon hukuma a kansa yake, ballantana in ranar ta kewayo. Dokar 2013 ta taƙaita zanga-zanga, a shekarar ce kuma aka ayyana ƙungiyar 'Yan'uwa Musulmi a matsayin ta 'yan ta'adda. Ko direban tasi ne ya ɗauko hirar siyasa, ka mayar da ita ta ƙwallo.

A Turkiyya hoto ba shi da wannan tsananin, amma zagin shugaban ƙasa laifi ne a doka, haka ma cin mutuncin Mustafa Kamal Ataturk, wanda ya kafa jamhuriyar Turkiyya, kuma abin da ka rubuta a Facebook yana cikin lissafi. Zanga-zanga takan tashi ba zato. An yi ta lambun Gezi a gefen Taksim a 2013, an yi wata babba a Maris na 2025 a gaban ofishin magajin gari da ke Fatih, bayan kama magajin garin na lokacin, Ekrem Imamoglu. Ranar 1 ga Mayu, ranar ma'aikata, akan rufe Taksim da tashoshin da ke kusa. In ka hango taro da 'yan sandan kwantar da tarzoma, ka juya, barkonon tsohuwa ba ya tambayar fasfo.

Batun bama-bamai da girgizar ƙasa fa?

Duka biyun sun taɓa gani. A Istanbul an kai hari a Sultanahmet a Janairun 2016, a Istiklal a Maris na shekarar, sannan a Istiklal ɗin dai ranar 13 ga Nuwamban 2022, inda mutum 6 suka rasu. A Alkahira an tayar da bam a yankin Khan el-Khalili a 2005 da 2009. Abin da ya biyo baya shi ne na'urar bincike a ƙofar metro, kasuwa, otal da gidan tarihi. Hare-haren ba na kullum ba ne, kuma ba su ne za su raba maka gardama tsakanin biranen ba.

Girgizar ƙasa ita ce ta fi shafar Istanbul. Ta 1999 da ta auku a Izmit, gabas da birnin, ta kashe fiye da mutum 17,000, wata mai ƙarfin 6.2 kuma ta jijjiga birnin ranar 23 ga Afrilun 2025. Masana sun daɗe suna gargaɗin wata babba. Abin da ke hannun baƙo shi ne ya fifita sabon gini a kan tsohon bene mai arha.

Ta fuskar abin gani, me tsakiyar Istanbul ke da shi?

Babbar falalarta ita ce komai a wuri ɗaya yake. Ka tsaya a dandalin Sultanahmet, Aya Sofiya tana gefe, masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya 6 yana fuskantar ta. An gama Aya Sofiya a 537 a matsayin coci, ta zama masallaci bayan Sultan Muhammad al-Fatih ya ci birnin a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, aka dawo da salla a cikinta a Yulin 2020. Tun farkon 2024 masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi su hau bene, masu salla kuma ƙofarsu daban. A bayanta fadar Topkapi take, a gefe kuma akwai tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa mai ɗaruruwan ginshiƙai.

Tafiyar 'yan mintuna ta kai ka babbar kasuwa mai rufi, mai shaguna wajen 4,000. Sama da ita masallacin Sulaimaniyya ne, aikin magini Sinan, wanda aka gama a 1557. A wurina ya fi na Sultan Ahmad kwarjini, ga ƙarancin cunkoso, ga farfajiyar da ake hango ruwa da gadoji daga cikinta. In ƙafa ta gaji, ka sauka Eminonu ka shiga jirgin fito na haya zuwa Uskudar ko Kadikoy. Da ɗan kuɗi kaɗan ka bar Turai ka shiga Asiya, da kofin shayi a hannu. A lura, Topkapi ba ta buɗewa ranar Talata, babbar kasuwa kuma ranar Lahadi.

Alkahira fa? Dala tana cikin gari ne?

A'a. Dalar Giza tana hayin Nilu ta yamma, tazarar ba ta kai kilomita 20 daga Tahrir ba, amma cunkoso yana iya cinye maka awa guda. A nan Alkahira ta gaza Istanbul: dukiyarta ta fi yawa da tsufa, sai dai a warwatse take. Gidan tarihin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, yana nan da kaya maƙil, amma gawarwakin sarakuna 22 an kwashe su zuwa gidan tarihin Fusɗaɗ a Afrilun 2021, kayan Tutankhamun kuma sun koma sabon babban gidan tarihi na kusa da dala, wanda aka yi bikin buɗewa a Nuwamban 2025. Mai son ganin Fir'aunoni sai ya yi zango uku.

Abin da ba shi da na biyu shi ne tsohon birni. Titin Mu'izz, daga Babul Futuh zuwa Bab Zuwaila, jere yake da masallatai, makarantu da ƙubbobi na daulolin Faɗimawa da Mamluka, ana kuma haska su da dare. Kudu da nan akwai masallacin Ibn Ɗulun na 879, da na Sultan Hasan mai tsayin da ke sa wuya ciwo, da ganuwar Salahuddin a kan dutse. Ba a gyare wurin yake kamar Sultanahmet ba. Mutane na zaune a ciki, ga maƙera, ga masu ɗinkin rumfa, ga yaro a kan keke da faifan burodi a ka. Wasu wannan ne ke korar su, ni kuwa shi ne ya sa na fi son sa.

Ni ziyarar addini ce ta fi damu na. Ina zan fi ƙaruwa?

In don malamai ne, Alkahira. Azhar, wadda Faɗimawa suka fara ginawa a 970, tana buɗe ga kowa, kuma har yau ana zaman karatu a zaurukanta. Alaƙarta da ƙasarmu tsohuwa ce: akwai ruwaƙi, wato sashen kwana da karatu, da aka keɓe wa ɗaliban Barno tun ƙarnonin baya, Mansa Musa ma ta birnin ya bi zuwa hajji a 1324. Tsallaken titi masallacin Husaini ne. A Ƙarafa kabarin Imam Shafi'i yake, a gefenta kuma na Imam Suyuɗi, wanda ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. A Fusɗaɗ akwai masallacin Amru ɗan Asi, na farko da aka gina a Masar.

Istanbul kuma tana da ɗakin amanoni masu tsarki a Topkapi, inda aka ajiye kayan da ake danganta wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da takubban sahabbai da makullan Ka'aba, ana kuma karatun Alƙur'ani a wurin ba yankewa. An fara tara su ne bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517, wato wani ɓangare nasu ta Alkahira ya biyo. A unguwar Eyup, can ƙarshen mashigin ruwa, kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, kuma sallar asuba a can tana cika.

Don sari zan je. Wace kasuwa ce tawa?

Kada ki ɓata lokaci a babbar kasuwa mai rufi ko Khan el-Khalili, na 'yan yawon buɗe ido ne, farashin farko ma na gwaji ne. A Istanbul Laleli ce Kantin Kwarin wurin, bene-bene na tufafi, jakunkuna da takalma, ga ofisoshin kago a kowane lungu. Akwai kuma Osmanbey da Merter don tufafi, da Zeytinburnu don kayan fata. Haɗarin a nan na kuɗin hannu ne: kada a ƙirga daloli a bakin titi, a yi canji a shagon canji mai allo, a karɓi rasit, kago kuma a yi da wanda wani naki ya taɓa karɓar kaya ta hannunsa.

A Alkahira Ataba da Muski su ne na kayan gida da tufafi masu sauƙin kuɗi, Wikalatul Balah kuma na yadudduka. Mai neman littattafan addini ya shiga lungunan bayan Azhar, ko kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya a gefen Ataba. Turmutsutsun Muski ya fi na ko'ina, jaka a gaba.

Tasi zan riƙa shiga ko jirgi?

A Istanbul ka sayi katin Istanbulkart tun ranar farko. Da shi ake shiga taram, metro, bas da jirgin fito. Layin taram na T1 kaɗai ya haɗa Aksaray, Laleli, Beyazit, Sultanahmet da Eminonu. Tasi ita ce inda ake kuka: a ƙi kunna mita, a zaga da kai, ko ka miƙa takardar lira 200 direba ya sauya ta cikin ƙiftawar ido ya nuna maka ta 20. Ka faɗi adadin da baki kana miƙawa, ko ka kira mota ta BiTaksi ko Uber. Babban filin jirgin sama yana da nisan kusan kilomita 40, bas ɗin Havaist ko metro sun fi arha nesa ba kusa ba.

Metron Alkahira, wanda ya fara aiki a 1987, shi ne na farko a Afirka, yana da arha da sauri, sai dai matsi a lokacin tashi daga aiki. Don sauran zirga-zirga Uber ko Careem sun fi farar tasi kwanciyar hankali, tunda an san kuɗi tun kafin a tashi. Lambobin mota da rubutun Larabci suke, ka koyi karanta su don ka gane motarka.

Da tsoho ko mara lafiya nake tafe. Wanne ya fi sauƙi, kuma a wane lokaci?

Istanbul tudu da gangare ce, titunan tsohon birni kuma na jeren duwatsu ne, keken mara lafiya yana shan wuya. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyi mai ratsa ƙashi da ruwan sama, wani lokaci har ƙanƙara. Afrilu, Mayu, Satumba da Oktoba sun fi. Alkahira shimfiɗaɗɗiya ce, amma dakalan titi a farfashe suke, motoci kuma sun hau kansu, ga hayaƙi da ke tayar wa mai asma da ciwo. Zafin Yuni zuwa Agusta ba baƙonmu ba ne, sai dai guguwar ƙura ta Khamsin tsakanin Maris da Mayu. Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinta.

Otal-otal masu arha na Wust el-Balad da yawa hawa ɗaya ne a cikin tsohon bene, lif ɗinsu na zamanin da. Mai jinya gara ya kama masauki kusa da asibitinsa, ya shigo gari ziyara kawai. Ruwan roba za a sha a duka biyun.

In wani abu ya faru, wa zan kira?

A Turkiyya lamba ɗaya ce, 112, ta 'yan sanda, motar asibiti da 'yan kwana-kwana. A Masar 122 ta 'yan sanda ce, 123 ta motar asibiti, 126 ta 'yan sandan kula da baƙi, waɗanda suka fi saurin sauraron ƙorafin damfara. In fasfo ne ya ɓata, a fara da rahoton 'yan sanda, sannan ofishin jakadanci. A Alkahira ofishin a cikin gari yake. A Turkiyya kuwa ofisoshin jakadancin Najeriya da Nijar a Ankara suke, tafiyar fiye da awa 4 a jirgin ƙasa mai sauri daga Istanbul, don haka a sa wannan cikin lissafin kwanaki da kuɗin guzuri.